Ku Auna Ruwan Kafin Ku Yi Mana Hasashe

Ranku ya daɗe, shaihunan malamai, yau da ku nake, kuma ba yabo na kawo ba. Kun cika mujallu da kundaye da bayanin yadda damina za ta kasance a arewacin Najeriya a shekarar 2050, wasunku ma sun hango har 2100, da taswirori masu launi, ja a nan, shuɗi a can. To, ga 'yan tambayoyi ƙanana. Milimita nawa na ruwa aka yi a Gwiwa ta jihar Jigawa a watan Agustan bara? Mita nawa ruwan rijiyoyin Roni yake sauka tsakanin kaka da bazara? Laka nawa ta kwanta a dam ɗin Kazaure tun da aka gina shi? Duk wanda yake da amsa a rubuce, ta awon da aka yi a wurin da hannu, ya fito da ita ya liƙa a ƙofar sakatariyar ƙaramar hukuma mu karanta. Idan kuwa tana kulle a durowar wani ofis, to ga manomin da zai yi shuka da matar da za ta yi sammakon ɗiban ruwa, da ita da babu duk ɗaya.

Kada wani ya ce yankin ya rasa makarantu. A garin Kazaure kaɗai akwai Kwalejin Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu, wadda ta soma a 1991 a hannun jiha kafin gwamnatin tarayya ta karɓe ta, akwai cibiyar koyar da ilimin kwamfuta, akwai Cibiyar Bincike ta Jigawa. A 2021 aka amince da kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura. Jami'ar Bayero, mai cibiya guda sukutum ta nazarin noma a ƙasashe masu ƙarancin ruwa, tafiyarta daga Kazaure ba ta kai awa biyu ba. Dutse na da jami'ar tarayya tun 2011, Kafin Hausa na da ta jiha tun 2013. Kakanninmu da suka sha wuyar yunwar Kakalaba a 1914, da iyayenmu da suka ga farin 1973 da na 1984, ko a mafarki ba su taɓa ganin tarin masana irin wannan a bakin ƙofarsu ba.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Hukumar Kula da Yanayi ta Duniya tana ɗaukar awon shekara 30 a jere kafin a ce ga yadda yanayin wuri yake, kuma shekarun da ake dogara da su a yanzu su ne 1991 zuwa 2020. Jihar Jigawa kuwa an ƙirƙire ta ranar 27 ga Agusta, 1991. Da a ce a shekarar wani ya kafa ma'aunin ruwan sama a kowace gunduma ta Kazaure, Roni, Gwiwa da Babura, ya sa malamin firamare yana rubutawa kowace safiya, da yau muna da cikakken tarihin daminarmu a hannu, irin wanda masanan Ingila da Jamus za su riƙa roƙon a ba su. Shekarun sun wuce, kuma ruwan da ya zuba ba a auna ba, babu kwamfutar da za ta dawo da shi.

Bari in faɗi yadda ake haɗa da yawa daga cikin kundayen nan, don na ga ana yi. Ɗalibi zai zauna gaban kwamfuta ya sauko da alƙaluman ruwan sama na CHIRPS, waɗanda masana a wata jami'ar Kalifoniya suka haɗa, ko na ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai. Ya ɗauko taswirar tudu da kwari da tauraron ɗan'adam ya ɗauka, ya zuba su duka a manhajar SWAT ko HEC-HMS, ya danna. Ita manhaja ba ta musu. Kome aka ba ta sai ta fitar da lamba, har da ɗigo da wasu lambobi uku a bayansa, abin gwanin ban sha'awa. A babi na biyar sai a jero shawarwarin da kowa ya haddace: gwamnati ta wayar da kan jama'a, a dasa itatuwa, a ƙara bincike. A ɗaure kundi da bango mai rubutun ruwan zinare, a sa hannu, a jera a kanta, gara ta karɓi aiki.

Na taɓa zama a zauren da wani ɗalibi yake kare irin wannan kundi a wata jami'a, a kan wani rafi na yankinmu. Wani dattijon malami da aka gayyato daga waje ya dube shi ya ce, "Ɗana, rafin nan da ka yi wa lissafi, a wane wata yake ƙafewa?" Yaro ya juya shafi, ya sake juyawa, ya ce, "Ranka ya daɗe, manhajar ta nuna yana gudu duk shekara." Rafin da yara suke buga ƙwallo a cikinsa tun daga Nuwamba! Aka yi dariya, aka ce ya gyara, aka ba shi digirinsa. Ni ban ga laifin yaron ba. Malamin da ya duba aikin tun daga farko har ƙarshe bai taɓa ce masa ya hau mota ya je ya ga rafin da idonsa ba, kuma ina kyautata zaton shi ma malamin bai san hanyar ba.

Mai karatu na iya cewa, ai tauraron ɗan'adam yana ganin komai, me za a yi da gwangwanin awo? Tauraron ba ya ƙirga ɗigon da ya taɓa ƙasa. Mafi yawan abin da yake aunawa sanyin saman gajimare ne, daga nan a ƙiyasta ruwan da ya kamata ya zuba, sannan a daidaita ƙiyasin da awon tashoshin ƙasa. Inda babu tasha, ƙiyasin haka zai tafi babu mai gyara shi. Manyan manhajojin lissafin yanayin duniya kuwa sukan yanka doron ƙasa akwati-akwati, kowane akwati kimanin kilomita 100 a kowane gefe, wato murabba'in kilomita 10,000, su ba shi lamba ɗaya. Jihar Jigawa gaba ɗaya ba ta wuce murabba'in kilomita 23,000 da 'yan kai ba. Ke nan Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, da duwatsunsu da rairayinsu da fadamunsu, duk za su shige akwati ɗaya har a sami saura. Ko manhajojin da aka tace don Afirka, akwatinsu yakan kai kilomita 25 zuwa 50. Wanda ya ɗauki wannan lamba ya ce ita ce makomar Gwiwa, bai gwada ta da awon Gwiwa ba, tela ne da ya yanka yadi bai auna mai riga ba, ya kuma dage cewa jikin ne bai yi daidai ba.

Kowane manomi ya san ruwa yakan jiƙa gonar gabas ya tsallake ta yamma. Maƙwabtanmu na Nijar sun tabbatar da wannan da awo. A farkon shekarun 1990 masu bincike na Nijar da Faransa suka baza ma'aunai kusan 100 a kewayen Yamai, aka yi ta karantawa damina bayan damina. A daminar 1992 an sami wurare biyu da tazararsu ba ta wuce kilomita 10 ba, amma bambancin ruwan da suka samu ya haura milimita 200. Milimita ɗaya a kan hekta ɗaya lita 10,000 ne, jarka 400 mai cin lita 25. Sai mai karatu ya lissafa milimita 200, zai ga cewa ita ce tazarar da ke tsakanin mai cika rumbu da mai sayar da akuya ya sayi hatsi. Amma mu a nan, idan ɗalibi ya so nuna ya yi amfani da awon ƙasa, sai ya ɗauko na filin jirgin saman Kano, mai nisan fiye da kilomita 60, ya rubuta sunan Kazaure a kai.

Ni ba abokin gabar manhaja ba ne, kuma tarihin wannan fanni ya isa ya sa mu girmama ta, ya kuma sa mu yi hattara da ita. A 1975, bayan babban fari, wani masanin Amurka mai suna Jule Charney ya kawo ra'ayin cewa kiwo da ya cinye ciyayi shi ya bar ƙasa tsirara, ƙasa tsirara kuma ta kore ruwa. Aka ɗora wa makiyayi da manomi laifin farin da ya kashe musu dabbobi. Sai a 1986 Folland da abokan aikinsa a Ingila suka nuna cewa sauyin ɗumin tekuna shi ne babban abin da ke jan ragamar daminar Sahel, a 2003 kuma Alessandra Giannini da abokanta suka ƙara tabbatar da haka. Da me suka gwada lissafinsu har aka yarda da shi? Da littattafan awon da wasu akawuna da ba wanda ya san sunansu suka cika da hannu a Kano, Sakkwato, Damagaram da Maraɗi, shekara da shekaru. Awon Kano ya faro tun farkon ƙarnin da ya wuce. Ba don waɗancan bayin Allah masu fita da sassafe su duba gwangwani ba, da har yau Bafulatani ne mai laifi.

Kuma har yanzu manhajojin ba su gama daidaita bakinsu a kanmu ba. A tsakiyar shekarun 2000 wata fitacciyar manhaja ta Amurka ta nuna Sahel zai bushe ƙwarai a ƙarshen wannan ƙarni, wata ta Japan ta nuna zai jiƙe sharkaf. Yanzu mafi yawansu sun karkata ga cewa tsakiyar Sahel, inda muke, zai ƙara samun ruwa, yammacinsa wajen Sanagal ya ragu. Abin da awo ya riga ya nuna shi ne wanda Christopher Taylor da abokansa suka buga a mujallar Nature a 2017: manyan hadura masu zubar da ruwa kamar da bakin ƙwarya sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Wannan magana ta shafe mu kai tsaye. Ruwan da ya kamata ya sauko cikin mako biyu idan ya zubo a dare ɗaya kan duwatsun Kazaure da Roni, ƙasa ba ta samun shansa. Gangarowa yake yi da ƙarfi, ya yanka kwazazzabo, ya rushe katangar ƙasa, ya kwashi turɓayar gona ya kai dam. Bayansa kuma sai ruwa ya ɗauke kwana ashirin, gero ya murɗe. A takarda jimillar shekara ta yi kyau, a gona an yi asara. Wanda yake aiki da jimillar wata ko ta shekara ba zai taɓa ganin wannan ba, sai mai awon kullum.

Mu sauka ƙarƙashin ƙasa, inda sakacin ya fi muni. Allah ya ajiye yankin nan a kan iyakar ƙasa iri biyu. Kazaure, Roni da Gwiwa suna kan tsohon dutse, irin wanda ya ɓullo fili ya zama tsaunukan da matafiyi yake gani a hanyar Daura. A irin wannan wuri ruwa ba shi da babban mazauni. Yana maƙalewa ne a ruɓaɓɓen dutsen da ke sama da kuma tsagogin da ke ƙasa, shi ya sa za a haƙa burtsatse a nan a sami ruwa, a matsa taku ɗari a haƙa wata a tashi da ƙura. Da ka nausa gabas wajen Babura sai duwatsu su nutse, rairayi da yumɓun kwarin Chadi su karɓe, ruwa yana kwance a shimfiɗe amma sai an yi nisa. Ɗalibin ilimin ƙasa a wata nahiya sai ya biya kuɗin jirgi kafin ya ga irin wannan haɗuwa. Mu kuwa ga ta tsakanin makarantunmu biyu na tarayya.

Je ka zauna da tsohon mahaƙin rijiya a Roni ka ji karatu. Zai gaya maka gaba nawa ake yi a jar ƙasa kafin a iske marmara, inda tsakuwa take soma danshi, irin farar ƙasar da idan ta fito ya san ruwa ya kusa, da ƙarar da diga take yi idan ta sauka kan dutsen da ba ya huduwa, wanda daga jinta sai a tattara kaya. Ya san rijiyar da take janyewa tun watan Maris da wadda take kai mutane har faɗuwar ruwa, ya san wadda aka ƙara wa zurfi sau biyu a rayuwarsa. Wannan duk alƙaluma ne, a kansa suke, kuma ranar da aka kai shi makwanci sun tafi. Masu injin haƙa burtsatse su ma kowace rana suna huda ƙasar nan, na ɗan majalisa, na ƙungiyar agaji, na mai kuɗin unguwa, suna ganin abin da ke fitowa mita bayan mita. Wace jami'a ce ta bi su da littafi ta tattara? Yanzu ga famfon sola ya shigo, yana zuƙa daga fitowar rana zuwa faɗuwarta ba a sayen mai. Alheri ne, amma ana cira daga asusun da ba wanda yake duba abin da ya rage a ciki.

Kada a ce ai an san amsa, ruwan ƙasa raguwa yake yi. A kudu maso yammacin Nijar, da aka bi rijiyoyi da awo, sai aka tarar ruwan ƙasa ya hau kimanin mita 4 tsakanin 1963 da 2007, alhali a cikin shekarun ne aka yi manyan fari. Dalili shi ne sare daji ya sa ruwa yana gudu ya taru a tafkuna, daga tafkunan yake tsiyaya ƙasa. Babu mai zama a ofis da zai ƙago wannan da kansa, igiyar awo ce ta faɗa. Namu na iya zama haka, na iya zama akasin haka, na Babura na iya saɓa wa na Gwiwa. Abin da ake bukata igiya ce mai alamar mita da ɗan ƙarfe a bakinta, da mutum mai zuwa rijiya ɗaya ranar ɗaya ga kowane wata.

Batun dam gajere ne. Madatsun da tsohuwar jihar Kano ta gina a shekarun 1970, har da na Muhammadu Ayuba a Kazaure, sun doshi shekara hamsin ko sun haura, kuma kowace damina tana ƙara musu laka. Aikin noman rani na Gari da ya ratsa Kano da Jigawa ya dogara ne kan ruwan da aka lissafa da daminar wancan zamani. Dam ɗin Bagauda ya ɓalle a Agustan 1988. Na Alau ya ɓalle a Satumban 2024 ya shanye Maiduguri. A ambaliyar 2022, wadda ta kashe mutum fiye da 600 a Najeriya, Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Auna zurfin dam aikin kwalekwale ne da igiya da na'urar nuna wuri da ke cikin kowace waya. Ɗaliban injiniya na aji ɗaya za su gama shi cikin hutun rani.

Na san uzurin, don na sha jinsa. Albashi ba ya kai wata. Babu wuta, babu kayan aiki, aji ɗaya ɗalibi ɗari uku. A 2022 jami'o'in tarayya sun yi wata takwas a rufe saboda yajin aiki. Hukumomin da ke riƙe da ɗan awon da ake da shi sukan nemi kuɗi kafin su ba ɗalibi, tashoshin awon koguna da hukumar WRECA ta Kano ta riƙa kulawa da su a da kuma an bar da yawansu sun lalace. Duk gaskiya ne, kuma gwamnatoci na da nasu kason na kunya. Amma ma'aunin ruwan sama na roba bai kai kuɗin allon sanarwar da ake bugawa don taron bita na kwana ɗaya ba. Ba ya cin wuta, ba ya yajin aiki. Asusun TETFund yana raba kuɗin bincike kowace shekara. Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 a 2021 don shirin ACReSAL na gyaran ƙasa da ruwa a jihohin arewa. Kuɗin zuwa taro a otal yana samuwa, na jaka da alawus yana samuwa, sai na gwangwani da littafi ne ya gagara?

Gaskiyar maganar ita ce awo ba ya kawo ƙarin girma da wuri. Kwamitin ƙarin girma takardu yake ƙirgawa, kuma mutum zai iya fitar da takarda uku a shekara daga alƙaluman intanet, ya biya wata mujallar da ba ta karanta abin da take bugawa, ya zama farfesa bai taɓa jiƙa takalminsa ba. Wanda ya ce zai bi rijiyoyi talatin na shekara goma, abokansa za su wuce shi, a riƙa yi masa kallon marar wayo. Ku kuka tsara wannan ma'auni, ranku ya daɗe, ku ne a majalisun jami'o'in, kuma ku ne za ku iya sauya shi ranar da kuka ga dama.

An taɓa yin masu irin wancan haƙuri a ƙasar nan. Michael Mortimore, Baturen Ingila da ya koyar a Zariya da Kano, ya ɗauki ƙauyen Dagaceri a arewa maso gabashin Jigawa ta yau, ya yi ta komawa fiye da shekara goma tun daga farin shekarun 1970, yana zama da mutane, yana rubuta abin da suka shuka da abin da suka girbe da inda suka tafi cin rani. Abin da ya fitar a 1989 har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya, kuma ya sauya yadda ake kallon manomin Sahel. Baƙo ya iya wannan zama, ɗan gida da aka haifa a Roni ya ce rana ta yi zafi? A Mali kuma tun 1982 hukumar yanayi ta soma raba wa manoma ma'auni, ta koya musu karantawa, ta ba su jadawalin da ke nuna ruwan da ya isa a yi shuka a kowane lokaci. Manoman da yawansu ba su yi boko ba, amma sun riƙe aikin.

Akwai wani aikin da yake jiran ku, wanda ba ya bukatar komai sai niyya. Kowace shekara kafin damina hukumar NiMet tana fitar da hasashe, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma: ranar da ake sa ran faɗuwar ruwa, ranar ɗaukewarsa, da yawan da za a samu. Hukumar NIHSA ma tana fitar da nata na ambaliya. Idan kaka ta yi, wa yake zama ya ce ga abin da aka faɗa wa Babura, ga abin da ya auku? In hasashen yana dacewa, manomi ya cancanci a gaya masa don ya dogara da shi. In yana kuskurewa, hukumar ta cancanci a gaya mata don ta gyara. Tambayar manomi ba ta 2100 ba ce. Yana so ya ji ko ya yi binne ko ya jira, ko ruwan farkon nan na shuka ne ko na yaudara, ko ya sa gero mai saurin nuna ko ya yi kasadar dawa. Irin da ya zuba ya ƙone, wani bashi ya ci kafin ya same shi. Ku kuwa ko abin da kuka gano, da Turanci kuke rubuta shi, ku karanta wa juna a zaure mai sanyi, mutanen da kuka cika wa kunne da takardun tambayoyi ba su sake jin ɗuriyarku. Jigawa na da gidan rediyo, kowane ƙauye na da masallacin Juma'a da ranar kasuwa, kowane gida na da waya. Minti goma da Hausa a mako ya fi ƙarfin wa?

Saboda haka ga kirana, kuma da suna nake yi. Shugabannin Jami'ar Fasaha ta Babura, makarantarku sabuwa ce, ba ta riga ta saba da munanan ɗabi'u ba: ku sa awon ruwa cikin harsashinta, tasha a harabarku, ma'auni a kowace makarantar sakandare ta yankin, littafi ɗaya da ba zai yanke ba ko an sauya shugaba. Kwalejin Hussaini Adamu, ɗalibanku na injiniya su ƙera ma'aunan, su auna dam kowace shekara, na kwamfuta su buɗe rumbun da kowa zai shiga ya gani kyauta. Jami'ar Bayero da takwarorinta na Dutse da Kafin Hausa, ku daina karɓar kundin da ya yi magana a kan rafi ko rijiyar da ɗalibi bai taka ba, ku kuma sa tattara awo na shekaru cikin abin da ake ƙirgawa wajen ƙarin girma. Shugabannin ƙananan hukumomi, kada ku biya ɗan kwangilar burtsatse sai ya miƙa takardar zurfi da irin ƙasar da ya ratsa da yawan ruwan da ya samu. Masarautar Kazaure, da ta Ringim da Babura take ƙarƙashinta, Allah ya ja zamaninku, hakimai da dagatai sun riƙe littafin haraji shekara da shekaru, riƙe na ruwan sama ba zai gagare su ba idan kuka ba da umarni.

Ma'aunan su kasance a kafe kafin ruwan farko na damina mai zuwa. Idan kaka ta yi, mai karatu ya je makarantar da ta fi kusa da shi ya nemi a nuna masa littafin, in babu ya tambayi dalili.